Guntun Sabulu a Famfon Gimbiya

Sanye da farin kwat na sauka a Johannesburg. Fari fat, da jan hankici a aljihun ƙirji, saboda a duk littattafan soyayyar da nake haya a wata rumfa a Tudun Wada haka saurayi yake sauka daga jirgi: ƙamshin turarensa ya riga shi isowa, direba ya karɓi jaka, wata mai dara-daran idanu ta sunkuyar da kai tana murmushi. Turare kam na fesa, har wanda ke kusa da ni ya yi ta atishawa. Direba ne babu. Mai dara-daran idanun kuwa na baro ta a unguwar Nasarawa a Kaduna, sunanta Jamila, tana ɗinki a shagon yayarta, kuma na yi mata alkawarin ba zan dawo ba sai hannuna ya taɓa injin jirgin sama.

Sunana Sagir, sana'ata gyaran famfon mai: na mota, na janareta, na injin ban-ruwa. Shekara tara na yi a garejin Baba Istifanus, wani dattijo ɗan Filato, a bakin titin da ya miƙe zuwa Kakau. Shi ya koya mini in kara kunne a jikin famfo in ji ciwonsa. A garejin nan wani dillali mai taushin murya ya same ni, ya ce wani kamfanin jirage a Afirka ta Kudu yana neman masu hannu irin nawa. Na sayar da babur ɗina na danƙa masa, shi kuma ya danƙa mini bizar baƙunta ta wata uku da adireshi a guntuwar takarda. Ya ce da na isa kamfanin zai mayar da ita ta aiki.

Adireshin akwai shi. Shagon sayar da gashin kanti ne.

Na tsaya a ƙofa da jakata, ina kallon kawunan roba a jere kowanne da gashinsa, ina sake karanta lambar. Bakina ya suɓuce na ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.” Sai wata mata mai jiki ta ɗago daga kan da take yi wa kitso, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Hausa tsantsa, “Ango, ina amaryar?”

Kaɗan ya rage in fashe da kuka don daɗi. Anti Doshima ke nan, 'yar Binuwai, amma a Kakuri ta girma, lokacin babanta na aiki a masaƙa.

“Kawo takardar in gani,” in ji ta. “Hmm. Kai ne na huɗu. Na farkon an ce masa injiniya, na biyun likitan dabbobi. Kai me aka ce maka?”

“Jirgin sama, Anti.”

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta share ido da gefen zani. “Abeg zauna. Ka ci abinci?”

Sati biyar na kwana a sitonta, tsakanin kwalayen gashi. Ita ta samo mini aikin wankin mota a bayan wani gidan mai. Lokacin hunturunsu ne, ruwa kamar a yanke maka yatsu, ni kuwa ba ni da rigar sanyi sai farin kwat ɗina. Da shi na riƙa wanki, har ya tashi daga fari ya koma kalar toka. Wata rana wani mai mota ya tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya ina washe baki. Ya karɓe makullinsa, ya ja motarsa da kumfa a jiki ya tafi. Na tsaya da soso a hannu ina ta tunanin me na yi masa. Abinci kullum tuwon masararsu mai tauri, ba miyar kuka, ba yaji. Sai in tuna mai wainar layinmu, in tuna cunkoson gada da yamma, da 'yan Keke suna zagin juna, har zagin ma na yi kewarsa. In Jamila ta kira ta ce, “Yaya jiragen?” sai in ce, “Kullum ina ganinsu.” Ban yi ƙarya ba, ta samana suke wucewa.

Hanyata ta buɗe ne ranar da wata tsohuwar akori-kura ta mutu a bakin wurin wankin. Direban, Malam Yusufa, Musulmi ɗan Malawi, ya buɗe gaba yana ta kallon inji kamar mai jiran ya yi masa magana. Na ce ya sake tayarwa. Na kara kunne. Na ari sifana da sukudireba, na kwance famfon a kan kwali, na wanke, na busa, na ɗaura. Tashi ɗaya.

“Kai, ɗan'uwa, me kake yi da soso?” ya tambaye ni da Turanci.

Na ba shi labarin dillali da shagon gashi. Bai yi dariya ba. Ya ce akwai wani tsohon Bature da yake kai wa kaya a wata gona mai nisa, yana tara tsofaffin jirage ƙanana. Ya ce masifaffe ne, ba mai daɗewa da shi, amma jirgi dai jirgi ne. Washegari da hantsi ina gaban motarsa, Anti Doshima ta cusa mini dafaffen ƙwai da wata tsohuwar suwaita, tana cewa, “Ango, in ka zama matuƙi kar ka manta da mai gashi.” Awa biyar muka yi cikin gonakin masara da aka girbe. Sau biyu Malam Yusufa ya tsaya muka yi salla a gefen hanya, ya raba gurasarsa biyu ya ba ni babban ɓangaren.

Ba zan manta da buɗe ƙofar rumfar nan ba. Jirage biyar, ƙanana, kowannensu ya girmi mahaifina. Wasu ma fikafikansu ba ƙarfe ba ne, yadi ne aka ja aka shafe da fenti, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar ganga. A can ƙarshe akwai wani rawaya mai kujera biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, hancinsa a ɗage sama kamar mai jin kai. Ni dai mace na ɗauke shi, nan take na raɗa mata Gimbiya. Zuciyata ta buga irin bugun da littattafai ke faɗa in an yi ido huɗu. Allah ya yafe mini, ko ranar da na fara ganin Jamila ban ji haka ba.

Mai wurin sunansa Kobus, kowa na ce masa Oom, wato kawu a harshensu, ni ma na mayar da shi Kawu Kobus. Dogo ne, jan wuya, gira kamar tsintsiya. 'Yarsa Liza ce matuƙiya. Na yi zaton wata siririya mai yatsu kamar zare. Sai ga mace mai furfura da takalmin gona, tana tauna busasshen nama.

Kawu ya kama hannuwana ya juya su, ya duba tabon ƙuna da baƙin da ke ƙarƙashin farce. Na gaya masa gaskiya cewa bizata saura sati bakwai.

“Wata ɗaya zan ba ka,” ya ce. “In na yarda da hannunka, zan rubuta takardar da za ka nemi izinin zama ka koyi aiki. In ban yarda ba, Yusufa ya san hanyar komawa. Doka ɗaya ce a nan. Abin da ka gani ka faɗa, abin da ka taɓa ka faɗa.”

Na ce na ji. Ya miƙo mini tsintsiya.

Sati guda ina shara, sati na biyu ina wanki. Amma wane irin wanki! Ina shafa fiffiken Gimbiya ina rera waƙa. A sati na uku ya fara barina in riƙe masa tocila. Nan na ga duniyar da ban sani ba. Fetur ɗinsu shuɗi ne, shuɗi garau kamar ruwan bula, don in ya zuba ya bar tabo. Kafin kowane tashi sai an tsiyayi kaɗan a kofin gilashi daga ƙasan fiffike, an ɗaga sama an duba ko akwai ɗigon ruwa kwance a gindi. Ana kwance matacin mai a duba ragarsa da gilashin ƙara girma. Ana lanƙwasa kowane tiyo a ga ko ya fara tsagewa. Kowane noti in an ɗaure sai an zura masa siririyar waya an murɗe, don girgiza kar ta kwance shi. Kawu ya sa na murɗa wayar nan sau ashirin a kan teburi, yana yankewa yana cewa, “Sake.”

Ya nuna mini cewa jirgin da fikafikansa ke sama, mai gangarowa yake da kansa. Irin Gimbiya kuwa, tankunanta a fikafikan ƙasa suke, sai an jawo man zuwa inji. Shi ya sa take da famfo biyu: ɗaya manne a jikin inji, inji ke motsa shi, ɗaya na lantarki don ko-ta-kwana. In za a tashi a kunna duka biyu, in an yi nisa a sama a kashe na lantarkin. Na jikin injin nan, da na leƙa shi, na ce a raina ai ɗan'uwana ne, kusan irin na tsofaffin motocin garejinmu. Amma Kawu bai bari na sa masa sifana ba. Kwanaki na tafiya, bizata na ƙarewa, ni kuwa ina ƙaiƙayin in nuna masa ko ni wane ne.

Ranar wata Alhamis dama ta zo, ko kuma na ɗauka ta zo. Asabar ɗin akwai taron masu tsofaffin jirage a wani gari, Liza za ta tuƙa Gimbiya, Kawu a kujerar baya. Shekara guda suna jiran ranar. Kawu ya tafi gari ganin likitan ido. Liza ta tayar da Gimbiya ta fito da ita waje don in wanke, ta koma gona. Na kwanta a ƙarƙashi ina goge cikinta, sai na ga shuɗin zane ya miƙe a kan rawayan fenti. Na bi shi da yatsa har zuwa wani siririn bututu, kamar tsinken shan lemo, da ya sauko daga famfon inji ya leƙo waje. Ba a haɗa shi da komai ba. A bakinsa ɗigon fetur na lilo.

Duk wanda ya yi gareji a Kaduna ya san maganin yoyon fetur. Sabulun wanki. Ka jiƙa shi kaɗan, ka murza har ya yi laushi, ka danna a ramin. Fetur ba ya narkar da sabulu, ƙara masa tauri yake. Da idona na ga Baba Istifanus ya liƙe tankin wata bas da sabulu, ta je Kachia ta dawo ba ɗigo. Kuma ina da sabulun, kore, wanda Jamila ta sa mini a jaka da hannunta. Na ga abin ya yi daidai da littafi: sabulun masoyiya ya ceci jirgi. Na murza, na cusa a bututun har ya shige ciki, na goge shuɗin zanen tas.

Da la'asar Liza ta dawo ta tayar da injin a ƙasa, ta daɗe tana gwada shi, farfela na kaɗa ciyawa. Da ta kashe na leƙa. Bushe ƙayau. Na shiga bayan rumfa na taka rawa ni kaɗai. Ban gaya mata ba, domin so nake in gaya wa Kawu da kaina, a gaban kowa, in ga girarsa ta ɗaga.

Juma'a da safe na kai masa shayi, na fara share fagen alfaharina.

“Kawu, wannan ɗan bututun na famfo da bai je ko'ina ba, me ya sa aka bar shi a buɗe?”

Ya dube ni ta saman tabarau, karon farko da na ga ya ji daɗin tambayata. Ya ɗauko wani tsohon famfo da ya raba biyu da zarto don koyarwa.

“Duba. Na mota da ka sani robarsa ɗaya ce. Wannan biyu ne. Ta ƙasa tana tura fetur, ta sama tana tare baƙin man inji. Tsakaninsu akwai ɗan ɗaki, bututun nan ƙofarsa ce. In robar fetur ta tsage, man ya bi ta nan ya zuba waje, ya bar mana shuɗi mu gani. Da shi famfo ke gaya mana ba shi da lafiya.”

Na tambaya a hankali: “To, in ƙofar ta toshe fa?”

“Sai fetur ya taru ya matsa wa roba ta biyu, ya ɓalle cikin baƙin mai, ya tsinka shi ya koma ruwa. Inji ya ci kansa a sama, in ma wuta ba ta riga shi ba.” Ya yi 'yar dariya. “Amma wane mahaukaci ne zai toshe?”

Na ce, “Haka ne, Kawu.” Na ɗauki kofin na fita.

A hanyar zuwa sallar Juma'a, wadda muke yi a bayan shagon wasu 'yan Somaliya a garin da ke kusa, dabara ta zo mini, mai kyau kuwa. In sa waya in zaƙulo sabulun ba wanda ya gani, in jira ɗigo ya fito, in kwala wa Kawu kira in ce ga abin da na gano. Zai canza famfo, zai yaba mini, zai rubuta takarda. Har na fara ganin kaina ina karanta wa Jamila ita. Amma duk inda na juya dabarar sai in ci karo da abu ɗaya: jiya Liza ta daɗe tana gwada injin da sabulun a ciki. In fetur ya riga ya shiga baƙin mai, ba wanda zai yi tunanin dubawa sai wanda ya san an toshe ƙofar. Wanda ya sani kuwa ni kaɗai ne. Huɗubar ranar ban ji ko kalma ɗaya ba.

Da aka idar na kira Baba Istifanus. Ina jin hon ɗin tireloli a bayansa, har ƙamshin garejin sai da na ji a hancina. Na zayyana masa komai.

Ya tuntsire da dariya. “Sabulu? A jirgi? Kai, Sagir, ka kai sunana ƙasar waje!”

“Baba, ba abin dariya ba ne. In na faɗa, korata zai yi.”

Na ji ya matsa daga hayaniya. “Wa zai hau gobe?”

“Shi da 'yarsa.”

“Bas ɗin Kachia da kake tunawa, da ta mutu a hanya fasinja za su sauka su tura. Su waɗannan a ina za su sauka? Ni na koya maka sabulu, ban koya maka ɓoye abu ba. Je ka faɗa masa yanzu, kafin ka sha ruwa. In ya kore ka, bencinka na nan, ba wanda ya zauna a kai.”

Na samu Kawu da Liza suna shirya taswira a kan fiffike. Na tsaya na cire hula. Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu, sai na faɗa a dunƙule: na ga shuɗi, na toshe da sabulu, na goge tabon, an gwada inji a haka.

Liza ta daina tauna. Wuyan Kawu ya ƙara ja har kunne. Ya faɗi wata kalma a harshensu wadda har yau ban nemi fassararta ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya zura waya a bututun, ya zaro ɗan kore a bakinta, ya shinshina. Fetur ya biyo baya, tsiri-tsiri. Ya tashi ya zaro sandar auna baƙin mai. Man ya haura alama. Ya kai hanci, sannan ya miƙo mini. Warin fetur ne, ba tantama.

“Da mun kai tsakiyar duwatsu kafin ya nuna,” in ji Liza, a hankali. Ta naɗe taswirar ta fita ba ta kalle ni ba.

Na juya zan je in haɗa jakata. Kawu ya daka mini tsawa: “Ina za ka? Kawo bokiti!”

Muka tsiyaye baƙin man duka. Ya zaro ragar da ke tace shi, ya daɗe yana dubawa da gilashinsa ko akwai garin ƙarfe. Allah ya taimake ni babu. Sannan ya miƙo mini sifana, ya nuna famfon da haɓa. Abin da na yi sati huɗu ina mafarki, ga shi ya zo a ranar da na fi jin kunya. Na kwance shi, na buɗe a kan farin ƙyalle. Robar fetur ta tsage kamar an ja da farce, ta saman kuma ta ɓule a gefe.

“Ta ƙasan tsufa ne, ba kai ba,” ya ce. “Kuma ni ban gani ba, kai ka gani. Ta saman kuwa aikinka ne.”

Asabar ta zo ta wuce, Gimbiya na rumfa da hanci a buɗe. Muna jin jiragen maƙwabta suna wucewa zuwa taron, Liza ta hau tarakta ta yi can ƙarshen gona. Kawu ya fito da sababbin robobi a cikin leda mai lamba. Bakina ya so ya ce a gida daga tsohon tub ɗin taya muke yankawa, na danne shi da haƙori. Na haɗa famfon yana tsaye a kaina, noti ɗaya a nan, ɗaya a can gefen, a hankali, don robar ta zauna daidai. Na murɗa waya, ya duba, bai yanke ba. Lahadi muka zuba sabon mai, aka gwada inji, aka sake tsiyayewa aka zuba wani. Maganar takarda ko sau ɗaya bai yi ba, ni ma ban yi ba. Na dai wanke kayana na shanya, don kar in tafi da datti.

Litinin da hantsi ya buɗe littafin Gimbiya, inda ake rubuta duk abin da aka taɓa yi mata tun kafin a haife ni. Ya yi rubutu, ya sa ni na karanta da ƙarfi. Har sabulun yana ciki, da sunana. Sannan ya rufe.

“Al'adarmu a nan, wanda ya ɗaura famfo shi ke fara hawa. In ka yarda da hannunka, ga kujerar baya.”

Na tsaya kamar an dasa ni. Sai na kwasa da gudu zuwa ɗakina, na dawo sanye da kwat ɗina mai kalar toka, da jan hankici a aljihu. Liza ta dube ni, ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska ta kasa. “Biki za mu?” ta ce. “Hau, ka ɗaure bel.”

Wayyo, jama'a! Farfela ta juya, ciyawa ta fara gudu, wutsiya ta ɗaga, sai kawai girgizar ta ɗauke. Ƙasa ta sake mu. Rumfar ta koma kamar kwalin ashana, Kawu ɗan ɗigo, shanu kamar an watsa gero. Na yi kabbara, na yi salati, na kira sunan Jamila, na kira na Anti Doshima, iska na kwashe su daga bakina. Duk marubutan da na karanta ba wanda ya faɗi rabin abin nan, kuma ba wanda ya faɗi cewa ciki na juyawa.

Muryar Liza ta shigo ta abin kunne. “Sagir, ka ga agogon mai a gabanka? Zan kashe na lantarki. Daga yanzu famfonka kaɗai ke riƙe da mu.”

Na kafa wa allurar ido. Na ji ƙas. Allurar ta ɗan sunkuya, raina ya sunkuya tare da ita. Sai ta tsaya. Ta tsaya cak a cikin kore, inji na ta waƙarsa ba ko tari. Na ƙirga numfashina har goma, ba ta motsa ba. Na yi ihun da ya sa Liza ta ce in tausaya wa kunnenta, sannan ta kwantar da fiffike ta zagaya gonar sau biyu, don ni kawai.

Muka sauka. A littafi nan ne saurayi ke gyara kwat ya taka a hankali. Ni ban san lokacin da na zube ƙasa na rarrafa ƙarƙashin Gimbiya ba, da kwat ɗin da komai. Na taɓa bakin bututun, na duba yatsana, na shinshina. Na zura siririyar waya na tabbatar a buɗe yake. Na bi rawayan fentin da ido har wutsiya.

“Bushe yake, Kawu! Kuma a buɗe!”

Da na fito, ciyawa a kaina, na ga yana tsaye da ambulan a hannu.

“Tun Juma'a na rubuta,” ya ce. “Jira nake in ga inda za ka fara zuwa in ka sauka.”

Na karɓa da hannu biyu na durƙusa, ya ce in tashi kar in ɓata masa ciyawa. Ɗan koren da ya zaro kuwa ya sa shi a kwalba ya ajiye a kan kanta, ya manna takarda ya rubuta Kaduna. Shekara uku na yi a wurin, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa.

Ranar da yamma na kira Jamila na gaya mata komai, tun daga shagon gashi har wankin mota. Ta saurara har ƙarshe.

“Wato duk jiragen nan da kake gani kullum…”

“Ta sama suke wucewa.”

“Ai na sani. Anti Doshima ta kira ni tun satin farko, a wayarka ta ɗauki lambata. Jira nake in ga yaushe za ka faɗa.” Sai ta sassauta murya. “Amma Sagir, sabulun nan don ka yi wanki na ba ka.”

Yanzu muna zaune a Nasarawa, ɗakinmu na kallon shagon ɗinkinta. Bara Kawu ya aiko in je in taya shi duba famfunan jiragen kafin taronsu. Jamila ta haɗa mini jaka: yaji, kuka, kilishi na Malam Yusufa, atamfa ta Anti Doshima, da sabon farin kwat da ta ɗinka da kanta. Na laluba ko'ina na ce, “Uwargida, ba ki sa sabulu ba.”

Ta zuge jakar ta ɗora mini a hannu. “In ka isa Kawu ya ba ka, a gabansa.”